Labarin Florence Nightingale, Uwar Masu Jiyya

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti, ko ya yi jiyyar wani nasa a can, ya ga ma'aikatan jiyya suna kai da kawowa dare da rana. To, wadda ta kafa harsashin wannan aiki yadda muka san shi yau wata Baturiya ce mutuniyar Ingila, sunanta Florence Nightingale. Yawancin waɗanda suka ji labarinta abin da suka riƙe shi ne wata mace mai tausayi da ke zagaya majiyyata da dare, da fitila a hannu. Wannan gaskiya ne, ta yi haka. Amma akwai wani aiki nata da ba a cika faɗi ba, shi ne kuwa mu ke so mu bayyana wa masu karatu, watau yadda ta karɓi kuɗi da kaya da 'yan sa kai da aka yi ta aikowa daga ƙetare zuwa asibitin Gwamnati, ta tsara su har suka amfani waɗanda aka aiko dominsu. Tara gudummawa ba shi da wuya in zukatan mutane sun motsa. Wuyar aikin ita ce kai ta har bakin gadon majiyyaci, a lokacin da ya ke bukatarta.

Asalinta da Tasowarta

An haife ta ran 12 ga watan Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, sa'ad da iyayenta ke yawon buɗe ido a can, shi ya sa suka raɗa mata sunan garin. Ubanta, William Nightingale, mai arziki ne, yana da manyan gidaje biyu a Ingila, Lea Hurst a wajen arewa da Embley a kudu. 'Ya'yansa biyu ne rak, duka mata, ita ce ƙarama. Shi da kansa ya karantar da su harsunan Girka da Latin da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, da kuma tarihi. Ita kuwa Florence zuciyarta ta fi karkata ga lissafi, ta nace har aka bar ta ta koye shi, ko da ya ke a zamanin nan ba a ɗauke shi ilmin mata ba.

A cikin Fabrairu na 1837, tana da shekara 16, ta ji a ranta cewa Allah ya kira ta ga wata hidima. Da ta ƙara girma sai ta gane hidimar nan jiyyar marasa lafiya ce. A 1845 ta roƙi iyayenta su bar ta ta je ta koyi aikin a asibitin Salisbury, suka ƙi ƙememe. Ba kuwa za a ga laifinsu ƙwarai ba, domin a lokacin nan asibiti wurin talakawa ne, mai hali a gida a ke jiyyarsa. Masu jiyya kuma mata ne marasa horo, waɗanda suka rasa wata sana'a, an kuma san da yawansu da shan giya. 'Yar manyan mutane ta shiga cikinsu abin kunya ne ga dangi duka.

Ta haƙura, amma ba ta saki ba. Ta riƙa tashi da asuba tana karanta rahotannin Gwamnati a kan asibitoci da lafiyar jama'a. Wani mutum mai daraja, Richard Monckton Milnes, ya daɗe yana neman aurenta, ta ƙi, don ta san in ta yi aure burinta ya tafi ke nan. A birnin Rum ta sadu da wani ɗan siyasa, Sidney Herbert, da matarsa, suka ƙulla abuta. Bayan ta ziyarci Masar da Girka, ta biya ta Kaiserswerth a ƙasar Jamus a 1850, inda wani limamin Kirista, Theodor Fliedner, ke horar da mata aikin jiyya. A 1851 ta koma can ta yi wata 3. Daga bisani ubanta ya sauko, ya yanka mata fam 500 ko wace shekara, sa'an nan a Agusta na 1853 ta zama shugabar wani ƙaramin gidan jiyyar mata a titin Harley cikin Landan. A nan ta koyi sayen kaya da araha, da riƙe sito, da rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Yaƙin Kirimiya

A 1853 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Daular Turkiyya, zamanin Sarki Abdulmajid. Cikin Maris na 1854 Ingila da Faransa suka shiga don taimakon Turkawa, a Satumba kuma sojansu suka sauka a Kirimiya, arewa da Bahar Aswad. Waɗanda aka yi wa rauni da marasa lafiya a kan zuba su a jirgin ruwa, a yi tafiyar wajen mil 300 da su zuwa Uskudar, wadda Turawa ke kira Scutari, a tsallaken ruwa daura da Santambul. A can Turkawa suka ba Ingilishi aron wani ƙaton barikin soja, aka mai da shi asibiti.

Cikin Oktoba jaridar nan ta Landan mai suna The Times ta buga labarin wakilinta na Santambul, cewa likitoci sun yi kaɗan, babu masu wanke miki, ko tsumman ɗaure rauni babu, alhali Faransawa suna da matan zuhudu masu jiyyar sojansu. Hankalin mutanen Ingila ya tashi. Jaridar ta buɗe asusun taimako, kuɗi suka yi ta shigowa, ta kuma naɗa wani ma'aikacinta, John Macdonald, ya tafi ya ga yadda za a kashe su. Sidney Herbert, wanda a lokacin shi ne ministan da ke kula da kuɗin soja, ya rubuta wa Florence takarda yana roƙonta ta shugabanci wata ƙungiyar masu jiyya a kan kuɗin Gwamnati. Ita ma ashe ta riga ta rubuto tana neman izinin tafiya, takardun biyu suka saɓa a hanya.

Ran 21 ga Oktoba, 1854, ta tashi daga Landan da mata 38. A cikinsu 14 masu jiyya ne da suka yi aiki a asibitoci, 10 matan zuhudu ne na Katolika, sauran 14 kuwa daga ƙungiyoyi biyu na cocin Ingila. An tabbatar mata da cewa ba abin da aka rasa a Uskudar. Duk da haka da suka isa tashar Marseilles a Faransa, sai ta sayi abinci irin na marasa lafiya da ƙananan murahu da sauran kayan bukata, ta sa a jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da Ta Tarar a Uskudar

Suka isa ran 4 ga Nuwamba. Abin da ta gani ya fi abin da jarida ta faɗa muni. An gina barikin a kan magudanan ƙazanta da suka toshe, iska na koro ɗoyinsu cikin ɗakunan kwana. Ɓeraye da ƙwarƙwata sun cika ko'ina. Babu bokiti, babu sabulu, babu tawul, babu isassun kwanonin cin abinci. Mata kusan 40 aka cusa su cikin 'yan ɗakuna kaɗan.

Likitocin soja ba su yi maraba da ita ba, suna ganin 'yan siyasa sun aiko musu da mace ta yi musu leƙen asiri. Jakadan Ingila na Santambul ya tambayi babban likitan asibitin ko akwai abin da a ke bukata, aka amsa masa babu. Saboda haka jakadan ya ba Macdonald shawara a sa kuɗin asusun nan wajen gina coci a Santambul. Kowa na tsoron in ya ce akwai rashi, manyansa za su ɗora masa laifi.

A nan ne hikimarta ta fara bayyana. Ta hana matanta shiga ko wane ɗaki sai likitan ɗakin ya nema, ta kuma hana a ba majiyyaci ko cokali ɗaya na abinci sai da takarda mai sa hannun likita. Matan suka zauna suna ɗinkin katifu da bandeji suna gunaguni, ga mutane na nishi a bayan bango. Ita kuwa ta san in baƙi suka shigo asibitin Gwamnati suka yi gaban kansu, ranar da aka kore su ba mai sake gayyatar wasu. Ba a daɗe ba aka gwabza a Inkerman ran 5 ga Nuwamba, jirage suka fara sauke ɗaruruwan mutane, har layin gadaje da shimfiɗu ya kai wajen mil 4 in an haɗa shi, majiyyata suka wuce 2,000. Likitoci suka rasa yadda za su yi, suka nemi taimakon kowa.

Abu na farko da ta saya buroshi 200 ne na goge daɓe, da tsummoki. Sa'an nan ta kama hayar wani gida a gari, injiniyoyin soja suka kafa mata manyan tukwanen dafa ruwa, ta ɗauki matan sojoji aikin wanki a kan lada. Ta buɗe madafa ta musamman don waɗanda ba su iya cin dafaffen naman da a ke rabawa. Likita ya rubuta abin da ya ke so, ita ta duba ko akwai a siton Gwamnati, in babu Macdonald ya shiga kasuwar Santambul ya sayo. A Disamba aka sami labarin wasu ɗaruruwan majiyyata na tafe, ga wani sashe na barikin ya lalace ba mai ikon ba da kuɗin gyara. Ta ɗauki leburori 200, ta biya su daga aljihunta da asusun jaridar, aka gyara wurin da zai ɗauki mutum 800.

Kayan da Suka Ɓace a Hanya

Kada mai karatu ya zaci Gwamnatin Ingila ba ta aiko da komai ba. Ta aiko, sai dai babu wanda aka ɗora wa alhakin bin kayan daga tashar jirgi zuwa asibiti. A kan loda kayan asibitin Uskudar a ƙarƙashin harsasai da igwa, jirgi ya wuce da su Kirimiya, su je su komo ba a sauke su ba. Waɗansu suna shiga gidan kwastan na Turkawa ba a sake jin ɗuriyarsu. Ran 14 ga Nuwamba guguwa ta nutsar da jirgin nan mai suna Prince a bakin Balaklava, da tufafin sanyi da magunguna a cikinsa. Ruwan lemun tsami da aka aiko don maganin ciwon dasashi, wanda rashin ɗanyen ganye ke kawowa, ya isa Balaklava a Disamba, amma ba a raba shi ba sai Fabrairu, domin ba a ba kowa umurnin rabawa ba. A Uskudar kanta an sauke riguna 27,000, mutane na kwance cikin sanyi ba riga, amma ma'ajin kayan asibiti ya ce ba shi da ikon kwance ɗaurin sai kwamiti ya zauna ya duba, aka yi mako 3 ana jira.

Ga kuma kyautar jama'a. Birane da ƙauyuka na Ingila suka yi ta aiko da ƙunshi-ƙunshi, har Sarauniya Biktoriya da 'ya'yanta suka aiko da nasu. A ciki akwai abin kirki, akwai kuma tsofaffin tarkace da kuɗin dakonsu ya fi su daraja, domin kowa abin da ya ga dama ya ke aikowa, ba tare da ya tambayi abin da aka rasa ba. Ko wane ƙunshi kuwa sai an kwance shi, an rubuta abin da ke ciki, an ajiye inda ɓarayi da ɓeraye ba za su kai ba, an kuma rubuta wa mai shi takardar godiya. Abokiyarta, Selina Bracebridge, wadda ta rako ta tare da mijinta, ita ta riƙe siton kyautar. Florence kuwa in ta gama zagayen dare da fitilarta, sai ta zauna ta yi ta rubutu zuwa ga Sidney Herbert, tana zayyana masa abin da aka rasa, da inda kaya ke maƙalewa, da yadda za a gyara hanyar sayayya ta soja. Bayan yaƙi, a 1857, ta buga ɗan littafi da ya nuna gudummawar da ta karɓa da yadda aka raba ta, don duk wanda ya ba da sisinsa ya san inda ya shiga.

Baƙin da Ba a Kira Ba

Kafin ta bar Landan an yi mata alkawari ba za a ƙaro masu jiyya ba sai ta nema. Amma labarin aikinta ya sa mata da yawa sha'awar zuwa. Ran 15 ga Disamba sai ga wata tsohuwar abokiyarta, Mary Stanley, ta iso da mata 46, a cikinsu har da matan zuhudu 15, an kuwa turo su ga babban likita, ba a ƙarƙashinta ba. Babu ɗakin da za su kwana, likitoci sun ce ba su bukatar ƙari, kuɗin guzurinsu kuma ya ƙare a hanya, sai da ta ba su rance. Waɗansu a cikinsu ba su taɓa wanke miki ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta rubuta wa Herbert takarda mai zafi, har ta ce a shirye ta ke ta sauka. A ƙarshe aka rarraba su a wasu asibitoci, amma saɓanin shugabanci da na addini da wannan ya haifar ya daɗe yana cin lokacin da ya kamata a ba majiyyata.

Ba za mu ɓoye ba, masu shirya tafiyar a Landan sun yi wani kuskuren ta ɗaya gefen. Wata baƙar mace mutuniyar Jamaika, Mary Seacole, wadda ta san jiyyar kwalara tun a ƙasarsu da Panama, ta nemi a ɗauke ta aka ƙi. Ta tafi da kuɗinta a 1855, ta buɗe wurin sayar da abinci kusa da Balaklava, tana kuma taimakon waɗanda suka ji rauni, sojoji suka so ta ƙwarai.

Abin da Ya Rage Mutuwa

Duk da riguna da abinci da wankin nan, mutuwa ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi. A cikin hunturun farko soja fiye da 4,000 suka mutu a asibitocin Uskudar, mafi yawansu kuwa atuni da kwalara da zazzaɓi ne suka kashe su. A Fabrairu na 1855, cikin ko wane mutum 100 da aka kwantar wajen 42 ke mutuwa. Kukan jama'a ya ka da Gwamnatin Landan a Janairu, sabuwar Gwamnati ta aiko da hukumar tsabta a Maris, a ƙarƙashin Dokta John Sutherland da wani injiniya, Robert Rawlinson, da ikon aikata abin da suka ga ya dace. Suka yashe magudanai, suka fid da mushen doki daga hanyar ruwan sha, suka huda tagogi don iska ta shiga, suka shafe bangaye da farar ƙasa. Cunkoso kuma ya ragu da sanyi ya wuce. Kafin ƙarshen Yuni mutuwa ta sauko zuwa wajen 2 cikin 100.

Masana tarihi na yanzu sun fi jingina wannan sauƙi ga aikin hukumar nan da gyaruwar abincin soja. Ita kanta Florence, da ta zauna ta bi lissafin bayan yaƙi, abin da ta gano ke nan, ta kuwa yi ta shelarsa har ƙarshen ranta. Gudummawa ta tufatar da majiyyaci ta ciyar da shi, amma gyaran magudana da ruwan sha aiki ne da sai hukuma mai iko da gini za ta iya yi.

A Mayu na 1855 ta haye Kirimiya don duba asibitocin can, zazzaɓi mai tsanani ya kama ta har aka fid da rai. Likitocin yanzu suna zaton irin cutar nan ce da a ke ɗauka daga madarar dabbobi. Da ta sami sauƙi ta ƙi komawa gida. Ta buɗe wa sojoji ɗakin karatu, ta kuma riƙa karɓar albashinsu tana aika wa iyalansu, har Gwamnati ta buɗe ofisoshi don haka. Aka yi sulhu a Faris a Maris na 1856. Sai da majiyyaci na ƙarshe ya tashi sa'an nan ta kamo hanya, ta shigo Ingila a Agusta da sunan aro don gudun taron tarba.

Asusun Nightingale

Tun tana can, ran 29 ga Nuwamba, 1855, aka yi babban taro a Landan aka buɗe asusu da sunanta. Aka tara wajen fam 44,000, sojoji ma suka ba da nasu. Ba ta yi gaggawar taɓa kuɗin ba. An danƙa su ga amintattu, ita kuwa ta fara da abin da ya fi damunta, watau lafiyar soja. Ta gana da Sarauniya a Balmoral a 1856, aka kafa hukumar bincike a 1857 a ƙarƙashin Herbert. Tare da wani masanin ƙididdiga, William Farr, ta zana lissafin mace-macen yaƙin a cikin zane mai launi, wanda ko wanda bai iya lissafi ba zai ga cewa cuta ta fi harsashi kisa nesa ba kusa ba. A 1858 ta zama mace ta farko da aka shigar cikin ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan.

A 1860 aka buɗe makarantar koyon jiyya da kuɗin asusun a asibitin St Thomas na Landan, da ɗalibai 15. Manufarta ita ce duk wadda ta gama ta tafi wani asibiti ta horar da wasu. Irin wannan horo ne ya bazu cikin ƙasashen da Ingila ta mallaka, har ya iso asibitocin ƙasarmu. Daga 1857 ciwo ya tsare ta a ɗaki mafi yawan lokaci, amma daga kan gadonta ta yi ta aiki da alƙalami. Ta sa hannu cikin binciken lafiyar soja a Indiya, wanda rahotonsa na 1863 ya nuna soja 69 cikin 1,000 ke mutuwa ko wace shekara.

Liverpool da Sydney

A Ingila ta zamanin nan talaka mara lafiya wanda ba shi da kowa a gidan gajiyayyu na hukuma ya ke ƙarewa, inda 'yan'uwansa gajiyayyu ke jiyyarsa. Wani attajirin Liverpool, William Rathbone, ya ce zai biya kuɗin ƙwararrun masu jiyya na shekara 3 a gidan gajiyayyun garinsu, a gwada a gani. A 1865 aka aika da Agnes Jones da mata 12 daga makarantar St Thomas, su kula da majiyyata fiye da 1,000. Da hukumar garin ta ga amfanin abin, sai ta karɓi nauyinsa. Agnes Jones kuwa zazzaɓin da ƙwarƙwata ke kawowa ya kama ta a bakin aiki, ta rasu a Fabrairu na 1868.

A 1866 Henry Parkes, ɗaya daga cikin shugabannin Gwamnatin New South Wales a Ostareliya, ya rubuto yana neman masu jiyya don asibitin Sydney. A nan darasin Uskudar ya yi aiki. Gwamnatin can ce ta nema, ita ta ɗauki nauyin kuɗin jirgi da albashi, aka kuma gina wa matan masauki bisa tsarin da Florence ta yarda da shi. Lucy Osburn da mata 5 suka isa a Maris na 1868. Abin bai tafi sumul ba, domin an yi ta saɓani da likitoci da kuma tsakanin matan su kansu, cikin 'yan shekaru waɗanda suka zo tare da ita suka watse. Amma Lucy Osburn ta zauna har 1884, ta horar da 'yan ƙasa, su kuma suka bazu cikin asibitocin Ostareliya.

Sa'ad da Henri Dunant, mutumin Siwizalan, ya kawo shawarar kafa ƙungiyoyin agaji na sa kai, wadda ta haifar da Red Cross a 1863, Florence ta nuna shakka. Tsoronta shi ne kada irin waɗannan ƙungiyoyi su ɗauke wa gwamnatoci nauyin da ke wuyansu na kula da marasa lafiyarsu. Duk da haka da yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamus a 1870, aka kafa ƙungiyar agaji a Landan, ta ba ta shawara da goyon baya a kan taimakon ɓangarorin biyu. Dunant kansa ya shaida a Landan a 1872 cewa aikinta na Kirimiya ne ya zaburar da shi.

Ƙarshen Rayuwarta

A 1883 Sarauniya ta ba ta lambar girma ta masu jiyyar soja. A 1907 Sarki Edward na 7 ya ba ta lambar nan ta Order of Merit, ita ce mace ta farko da ta samu, ko da ya ke a lokacin idonta ya tafi, tunaninta kuma ya raunana.

Har wa yau asibitocin Gwamnati a ƙasashe da yawa suna karɓar magunguna da na'urori da likitocin sa kai daga ƙetare, tambayoyin da suka sha mata kai a Uskudar kuwa suna nan. Wa ya nemi kayan? Wa zai fanso su daga kwastan, ya rubuta su, ya ajiye? Baƙin da suka zo, a ƙarƙashin wa za su yi aiki, ina za su kwana, wa za su bari ya ci gaba in sun koma? Wane aiki ne kuma ya zama tilas hukuma ta yi da kanta, ko an kawo gudummawa ko ba a kawo ba? Mai kyauta da mai karɓa duka ya kamata su amsa waɗannan tun kafin a ɗaure kaya.

Ta rasu a gidanta na Landan ran 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. An nemi a binne ta a Westminster, inda a ke binne sarakuna da manyan Ingila, danginta suka ƙi bisa ga wasiyyarta. Aka kai ta maƙabartar ƙauyen East Wellow kusa da Embley, wajen iyayenta, sojoji 6 suka ɗauki akwatin. A kan dutsen kabarin ba a rubuta komai game da ita ba sai haruffan farko na sunanta da ranar haihuwa da ta rasuwa. A 1912 Red Cross ta ƙago lambar girma da sunanta don masu jiyya da suka yi fice, ranar haihuwarta kuma, 12 ga Mayu, ita ce ranar masu jiyya ta duniya.